Ranar da Baba ya shigo gaida mai jarrabawa

A gidanmu na Kwarbai, cikin birnin Zariya, ba a san shaidar karatu ta takarda ba. Ɗalibi yakan zauna gaban Baba a zaure, ya biya littafi daga bango zuwa bango. In ya sauke, Baba ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya ce ya je ya karantar. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce a wurin wane na ɗauka, shi kuma a wurin wane.

Ni nawa karatun ba shi da wane. Aikina kula da rumbun bayanai ne a wani asibitin kuɗi da ke Gyallesu: sunayen marasa lafiya, maganin da aka ba su, ranar da za su dawo, duk a cikin kwamfuta. Manhajar da na gina rumbun a kanta ta kyauta ce, kowa na iya saukewa ya buɗe cikinta ya gani, kuma haka na koya, a hannun mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na yi shekaru ina aikina lami lafiya. Sai asibitin ya canja hannu, sabon shugaba ya ce duk mai taɓa rumbun ya kawo satifiket kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ɗauko wani. Na ji haushi ƙwarai, amma ban ga laifinsa ba. Bai san ni ba, ga shi kuma rayukan mutane ne a ciki.

Jarrabawar a gida ake yin ta, ta intanet. Wani mutum a wata ƙasa yana kallonka ta kyamarar kwamfuta, kai ba ka ganinsa. Sharaɗin shi ne ka kasance kai kaɗai a ɗaki, kada wani ya shigo, kada ka yi magana. Wanda ya tsara wannan doka bai taɓa kwana a cikin birnin Zariya ba, inda ko atishawa ka yi sai ka ji an yi maka addu'a daga ɗaki na uku.

Na yi shiri iya shiri. Na kora yara makwabta, na sa aka ɗaure akuyar Inna a bayan gida, na ajiye matata gadi a bakin ƙofa. Da safe kuma na durƙusa gaban Baba na ce masa yau zan yi jarrabawa, ina neman addu'a.

"A gaban wa za ka yi?" in ji shi.

Na ce wani ne daga nesa, ta kwamfuta zai duba ni. Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka, na tashi da murnata.

Na fara jarrabawar, na yi fiye da rabi, tambayoyin kuwa duk abin da nake yi kullum ne, sai na ji takun sandarsa. Matata za ta iya tare kowa a duniya ban da surukinta. Daga baya ta ce mini da ta gan shi, sai kawai ta durƙusa ta ba shi hanya.

"Salamu alaikum."

Bakina ne ya amsa kafin hankalina ya iso. Ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, har da rawani, ya sunkuya ta kafaɗata ya dubi kwamfutar, ya ce, "Malam, barka da aiki. Ni ne mahaifinsa. Mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri." Ya juya ya fita yana tafiya a hankali don kada ya dame mu.

Kafin labule ya gama sauka, rubutu ya fito cewa an soke jarrabawata. Na rubuta bayani, na roƙa, aka ce doka ce, sai bayan wani lokaci zan iya sakewa. Lokacin kuwa ya wuce wa'adin da aka ba ni. Na zauna, na rasa wanda zan yi wa fushi. A wurin Baba, ba a ɗaukar karatu a hannun mutum ba a gaishe shi ba.

Aikin ya tafi. Da hannuna na miƙa wa wanda ya gaje ni lambobin sirrin rumbun, kuma ya san aikinsa, ba zan ɓoye ba. Ban faɗa wa Baba dalili ba, amma matata ta faɗa wa Inna, kuma abin da ya kai kunnen Inna ya kai zaure. Ya aika aka kira ni.

"Ashe ni na raba ka da abincinka," ya ce.

Na ce a'a Baba, rabo ne ya ƙare.

Daga baya na je Kaduna, na sake jarrabawar a wata cibiya, na ci. Satifiket ɗin ya yi mini rana, don da shi na samu aikin da nake yi yanzu daga ɗakina. Sai dai a da, Baba yakan leƙo bayan La'asar, ya zauna bakin gadona ya tambaye ni labarin gari. Yanzu ina jin takun sandarsa ya taho har bakin labule ya tsaya. In ya ji ƙarar maɓallan kwamfuta, ba ya ko sallama. Nakan ɗaga murya in ce, "Baba, shigo mana, ba kowa," sai ya ce, "A'a, yi aikinka," in ji sandar tana komawa zaure.