Ba a Kori Lemuel Ba

Lemuel Pettway ya yi furfura a ma'ajiyar kayan wani kamfani a birnin Memphis, yana cika kwalaye yana manne bakinsu. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma akwai abu guda da ba mai ja da shi a kai: duk wurin shi ne sarkin ban dariya. Lokacin cin abinci sai ya toshe hanci ya kwaikwayi manaja, Mista Halvorsen: "Mu nan duk dangi ɗaya ne." Sannan ya ƙara da tasa muryar: "Dangin da baƙaƙe ke dako, farare ke ƙirgawa." Sai ka ga mutane sun ƙware da kaza a baki.

Abokinsa Booker Gaines kuwa shiru-shiru ne, ko tari sai dole.

Wata rana wata matashiya mai suna Imani ta zo neman 'yan cika wuri a ɗan fim ɗinta na zambo kan haɗamar kamfanoni. Lemuel ne ya ja Booker da ƙyar.

"Taso mu je, mutumina, ko rigata ka riƙe mini."

Aikin ɗan cika wuri ba wuya: yi abin da aka sa ka, kada ka kalli kyamara. Ina! Lemuel ya ɗaga kwali yana nishi, yana zare ido, har da ɗingishin ƙarya.

"Kawu, ɗan ja baya," in ji Imani. Ya ja. "Ƙara dai."

Haka aka yi ta tura shi har bakin ƙofa. Booker kuwa yana ta manne kwali da fuskar nan tasa ta gajiya, sai Imani ta sa aka matso da shi gaba, ta ce ya faɗi duk abin da ya zo masa. Sai ya kawo maganar nan ta Lemuel ta dangi, ba ko murmushi.

Ranar da aka nuna fim ɗin a ƙaramar sinimar unguwa, wurin ya kece da dariya a kan maganar nan. Lemuel bai yi ba. Kishi ya kama shi, ga shi abin da ya fito nasa kafaɗa ce kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A waje Booker ya ce, "Na fa gaya musu taka ce."

"Bar shi, tauraro. Je ka, ana jiran ka a ɗauki hoto."

Ba a jima ba fim ɗin ya kai ga Halvorsen, aka kori Booker. Kai ka ce zuciyar Lemuel za ta yi sanyi, sai abin ya ƙara ci masa rai. A coci ana layin gaisawa da Booker, rediyon unguwa na kiran sa jarumin ma'aikata. Har korar ma Lemuel ya ji tasa ce aka ƙwace.

Da safe ya shiga ofis ba sallama.

"Yallaɓai, ni ma ina cikin fim ɗin nan. Maganar ma tawa ce. Shekara da shekaru ina kwaikwayon ka a bayan idonka."

Halvorsen ya dube shi ta saman tabarau, ya yi murmushi.

"Na kalle shi daga farko har ƙarshe, ban gan ka ba. Kana son kare abokinka ne, na gane, halin kirki ne. Koma bakin aikinka, Leonard." Ko sunansa ma bai riƙe ba.