Shayin da na yi ta ba Rukayya

Jama'a, ku zo ku ji abin da na aikata da hannuna yau!

Kun san bikin 'yata Rukayya ya matso. Na sa tela ya ɗinka rigar da ɗan faɗi, don na yi niyyar sai yarinyar nan ta ciko. Na samo wani shayi a saidaliyya, wato shagon magani, nan unguwarmu Aƙiƙ a Madina, kwalin duk Turanci. Amma ga hoto: ta dama mace kamar sillen kara, ta hagu ta zama ɓul-ɓul. Na ce alhamdulillahi, maganin ƙiba!

Kullum ina dafa mata, ita kuwa sai ƙara ramewa take. Yau na ja ta muka koma, na ce wa mai shagon a hankali, "Bawan Allah, shayinka ba ya aiki."

Ya dubi Rukayya, ya dubi kwalin, ya dafe kai. Ya ce, "Hajja, ai na rage ƙiba ne!"

Na ce, "To hoton fa?"

Rukayya ta fizge kwalin, ranar farko ke nan da ta gan shi. "Yumma! Turawa ta hagu suke farawa! Mai ƙibar ce ta rame!"

Wayyo! Ni da na saba komai a Madina ta dama ake farawa! Dariya har da hawaye, mai shago ma sai da ya zauna.

Tela ya ce babu lokacin rage riga. Yanzu haka ga Rukayya gaban tiren dabino da man shanu, tana ta "Yumma, halas, na ƙoshi!"

Na ce ci, 'yar nan, babu halas sai rigar ta zauna.