Kawu Ni-Ne a Ɗakin Yara

Yayana mai gyaran keke ne, kuma tun muna yara ba a taɓa yin ɓarna a gidanmu ya bari an nemi mai laifi ba. Kafin Baba ya buɗe baki zai ce, "Ni ne." Ya sha duka a kan fitilar da na fasa, ya sha a kan tagar maƙwabta da aka fasa ranar da ma ba ya gari. Har ya fara furfura bai daina ba, shi ya sa 'ya'yanmu suke kiransa Kawu Ni-Ne.

Da aka yi wa autata aiki a hanji, likita ya ce ko ruwa kada ta sha sai ta fitar da iska. In ta fitar, hanji ya farka. In shiru ya yi yawa, wataƙila a koma da ita ɗakin tiyata. Ni da na raini yarinyar nan a kan kada ta kuskura ta yi tusa a gaban mutane, sai ga ni zaune da tsoro fal cikina, ina roƙon Allah ta yi.

Lokacin ziyara na yi, dangi suka cika ɗakin. Goggo ta mamaye kujera, kakar Auta ta zauna a bakin gado, sauran suka jeru jikin bango kamar masu jiran mota. Kowa ya shigo sai ya raɗa min, "Ta yi?" Auta kuwa ta ja bargo har hanci don kunya.

Yaya ya shigo da baƙin mai a farce, yana ba da labarin wani da ya kawo masa keke babu sarƙa yana rantsuwa a kansa ya zo. Auta ta riƙe ɗinkinta tana danne dariya. Can sai muka ji wata 'yar ƙara, siririya, doguwa. Nas ta juyo da sauri.

"Ku yi haƙuri, ni ne," in ji Yaya.

Nas ta taɓe baki ta ci gaba da gyara ƙarin ruwa. Na ji kamar in shaƙe Yaya.

"Yaya, don Allah faɗi gaskiya."

"Na ce miki ni ne. Ku ƙyale yarinya."

Sai bargo ya motsa. "Kawu, ni ce fa," in ji Auta, murya can ƙasa.

Goggo ta miƙe tana tafi, kaka tana dariya tana share hawaye, uwar yaron gado na gaba ta rungume ni alhali ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Nas ta kawo ruwa a cokali, Auta ta kurɓa.

Na tarar da Yaya a baranda yana buga wa matarsa waya. "Albishirinki," ya ce. "Yau kam ba ni ba ne."