Fuskar Alhaji a Bayan Rigata

Ranaku da yawa sun wuce ni a bakin keken nan na manta da su, amma ranar da Hajiya Gambo ta fara taka shagon nan, ko tsufa na yi na rikice ba na jin za ta fita daga kaina. Kun daɗe kuna tambayata inda na samo atamfar nan mai hoton mutum da kuke koyon yanka a kanta. To, ku ɗan ɗaga ƙafa daga keke ku saurara. Larai, ke kuma ki kama bakinki, kina cikin labarin.

A lokacin shagon nan ɗan ɗaki ne a jikin zauren gidanmu a nan Ƙaraye. Keke ɗaya ne, na ƙafa. Ni ke yanka da ɗinki, Larai ke jera duwatsu, ita ce kuma mai ɗaukar hoto. Tun muna 'yan mata muke tare, kuma tun lokacin ba ta iya riƙe dariya ba.

Ga wadda ba ta san yadda muka fara ba, ba mu da kwastoma sai 'yan gyaran zif da rage ƙugu. Shi ne na buɗe shafi a intanet. In na ƙirƙiro sabon ɗinki sai in saka a jikina, in kafa ɗauri, Larai ta ɗauke ni, in ɗora tare da ɗan bayani: wannan na zuwa suna ne, wannan na walima, ga kalar mayafin da zai hau da shi. Mata suka yi ta biyo ni, har daga Kano da Zariya. Yabo kam na sha shi har na ƙoshi. Aiki ne dai shiru.

Yaya Hamisu, babban wanmu, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, kuma gonarsa ta Kwanyawa ta yi kyau a shekarar. Ya kira ni ya ce shi bai ga abin da wannan ɗauke-ɗauken hoton yake kawowa ba in ban da cinye cajin waya. In an yi girbi bai ga aiki na a zo a gani ba, buhunan masara za su shiga ɗakin, kekena kuma ya koma ƙuryar Inna. Ba wasa yake ba, don har katakan da zai jera buhunan a kai ya kawo ya jingine a zaure. Kullum sai na tsallake su kafin in shiga shago.

Yanzu ga sirrin sana'ar. Leshi mai kyau ba na talaka ba ne, ni kuwa ina bukatar sabon hoto kusan kowane mako. Sai na lura hoto gaba kawai yake gani. Don haka ragowar yadi nake sayowa a Kano, wanda zai isa gaba da hannuwa. Bayan rigar kuwa duk ƙyallen da ya samu nake jona mata, Larai ta tattare shi da fil da abin maƙale shanya har rigar ta zauna daram a jikina. Ba wadda na taɓa sayar wa irin wannan riga, tawa ce ta talla. A shekarar kuwa ƙyallen da ya fi araha shi ne wata atamfar siyasa da aka taɓa rabawa, mai ɗauke da hoton wani Alhaji da ya yi takara ya sha ƙasa. Tun da ya faɗi ba mai ɗaura ta, maƙwabta har godiya suke mini in na karɓa. Fuska ce ƙatuwa, da hula a karkace, da wushirya, yana ta murmushi.

Ranar wata Laraba ce, ƙarshen damina, masara ta fara bushewa. Na gama wata doguwar riga ta leshi ruwan zuma, wadda na sa hotonta rabi a daren jiya na ce a jira cikakken yau. Larai ta matse ni tsaf, ta ce abin shanya guda ya faɗa daidai kan hancin Alhaji, biyu a kunnensa. Da yake babu wuta, ta jawo babban madubin kwastomomi ta jingina shi a bangon bayana don ya turo haske ciki. Muna cikin ɗauka ke nan muka ji tsayuwar mota, sai sallama.

Wata dattijuwa ce ta shigo, mai jiki, ƙamshin turarenta ya riga ta. Ta ce sunanta Hajiya Gambo, daga Rogo take, 'yarta ce ke bin shafina. Bikin yarinyar ya matso, kuma ta kafe ita sai ni zan yi kayan amarya da ankon ƙawaye da na iyaye. Ita Hajiya kuwa ba ta ba da aiki a waya, shi ya sa ta zo ta gani da idonta.

Kai jama'a! Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, ga shi ya zo ya same ni da rabin riga. Na yi wuf na yafa mayafi, na durƙusa muka gaisa, ya hanya, ya mutanen Rogo, ya shirye-shirye. Larai ta ba ta kujera ta zauna tana fuskantata. Ko gama gaisuwar ba mu yi ba ta ce in miƙo mayafin ta ga irin bakin da aka yi masa. Na miƙa. Ta duba, ta yaba, ta ninke shi ta ɗora a cinyarta, ta ɗora jakarta a kai. Shi ke nan an rabu.

Na tsaya ƙiƙam ina murmushi. Na ce bari in shiga gida in sauya kaya in kawo mata abin taɓawa. Ta ce a'a, ai rigar nan ta zo gani, in tsaya a haka.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ta ɗago ta, idona ya sauka a kan hoton mai kiran. Hula a karkace. Wushirya. Murmushin nan dai da na sani kamar yunwar cikina. Ta kara a kunne ta ce, "Alhaji, na iso lafiya, ina wajen telar."

Mijin matar nan ne a bayana, an matse masa hanci. Na dubi Larai, na ga ita ma ta gani, ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa. Can sai ta zabura ta zagaya ta tsaya a bayana ta baje hijabi. Na ɗauka taimakona take ta rufa mini asiri. Hajiya ta ce mata, "'Yan mata, ɗan matsa, kina tare mini iska." Larai ta matsa, tana ta zare mini ido tana nuni da haɓa. Ni kuwa haushinta nake ji, na ɗauka tsiya take mini.

Daga nan Hajiya ta fara aike. Ta ce ƙishirwa take ji. Larai ta yunƙura, Hajiya ta ce a'a, mai shago za ta ba ta. Randar kuwa tana can lungu. Haka na tafi da baya da baya, ina lalube da dunduniya, ina murmushi, na ɗebo ruwa hannuna a karkace na kawo. Ta sha ta ce a miƙo tef ta ga tsawon hannun rigar. Na sake tafiya da baya har gun ƙusa. Sai kuma makullin jakarta ya faɗi ƙasa, ni dai ban ga yadda aka yi ya faɗi ba. In na sunkuya Alhaji zai leƙo ta saman kafaɗata, don haka na sauka a miƙe kamar mai ɗauke da tulu a ka, na laluba na ɗauko. Garin tashi abin shanya ɗaya ya ɓalle, ya yi tsalle ya faɗi tsakar ɗaki. Larai ta taka shi ta tsaya a kai, hawaye na zubo mata.

Hajiya ta gyaɗa kai ta ce ita dai ta yaba da tarbiyyar gidan nan. Ta ce rabon da ta ga yarinyar da ba ta juya wa babba baya tun zamanin kakarta. Na ce na gode, gumi na bin bayana yana jiƙa mijinta.

Ta jawo ni kusa ta kama bakin hannun rigar ta juya cikinsa. Ta bi ɗinkin da farce, ta ja wuyan, ta murza duwatsun Larai ta ga ko za su zube. Ta daɗe tana wannan. Sannan ta gyara zama ta ce gaba dai ya yi, babu makusa.

"To, 'yata, juya in ga bayan."

A ɗan wannan lokacin babu ƙaryar da ba ta zo mini ba. Na yi tunanin in ce wuyana ya sanƙare. Na yi tunanin in faɗi in suma, sai na tuna in na suma ma ɗaga ni za a yi. Ta ƙofa ina hango katakan Yaya Hamisu a jingine. Na ji kuka ya taso mini, don na san aikin nan ya tafi, shagon ma ya tafi, kuma gobe duk Rogo za a ji cewa telar intanet ta wulaƙanta mijin mutane. Na ce a raina tunda mutuwa za a yi, gara a yi ta da gaskiya.

Na ce, "Hajiya, rigar nan ba ta da baya. Ta hoto ce. Abin da ke bayan kuma, don Allah ki yafe mini, ban san za ki zo ba."

Na rufe ido na juya.

Sai na ji wani sauti kamar ana tsiyaya ruwa daga buta. Na waiga, ashe Hajiya ce ta kife a kan jakarta tana dariya har ɗaurinta ya zame. Larai kuwa tuni ta zube ƙasa. Da ƙyar Hajiya ta ɗaga hannu ta nuna bangon da ke bayana ɗazu. Na duba, na yi ido huɗu da kaina a madubi.

Ta ce, "Tun da na zauna muke kallon juna da shi. Yarinya, tun ina budurwa nake zaune da mutumin nan, ban taɓa ganin wanda ya kama masa hanci ya yi shiru ba sai ke."

Ashe ruwan nan, da tef, da makulli, duk da gangan ne. Ta ce ta daɗe ba ta samu abin da ya wanke mata zuciya haka ba, shi ya sa ta ƙi bari ya ƙare da wuri. Ni dai ban san lokacin da na fara dariya ba, ga hawaye shaɓe-shaɓe, ga kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ta nutsu ta gyara ɗauri, sai ta yi mini magana ta uwa. Ta ce da na ce mata wuyana ke ciwo, da ta yi mini sannu ta shiga motarta, ba kuma zan sake ganinta ba. Ta ce in sani, amarya in ta shigo taro gabanta sau ɗaya ake gani, tana wucewa kuwa bayanta kowa zai bi da ido har ta zauna, a nan ne mata ke yanke wa tela hukunci. Ita ba ta ga bayan ɗinkina ba tukuna, don haka ba ta ba ni aiki ba. Za ta aiko da leshi gobe, in ƙarasa rigar nan in kai mata Rogo da kaina. In bayan ya yi kamar gaban, aiki nawa ne.

Na ƙarasa, na kai. Ta sa na juya a tsakar gidanta gaban 'yan'uwanta har sai da jiri ya fara ɗibata, sannan ta ce a kawo yadin amarya. Amma ta ce da sharaɗi guda. Ta ja ni wani ɗaki ta buɗe. Diloli ne na atamfar nan har kusa da rufi, ragowar wadda ba a raba ba. Ta ce ta yi kyauta an ƙi karɓa, ɓeraye ma sun ɗanɗana sun bari, ni kaɗai ta ga na samo mata amfani. In ina son aiki, in kwashe.

Ranar da a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu, Yaya Hamisu na zaune a zaure. Ya ga ana shigo da yadin biki, ya ga ana shigo da dila bayan dila. Ya buɗe ɗaya, Alhaji ya yi masa murmushi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi da kansa ya ɗauko katakan nan nasa ya jera su a shagon, ya ce a ɗora a kai kada sanyin ƙasa ya ɓata kayan mutane. Masararsa a ɗakin wani abokinsa ta kwana a shekarar. Bai taɓa ce mini ya janye maganarsa ba, ni ma ban tambaye shi ba, amma a ranar na shiga ɗaki na yi kukan daɗi.

Daga bikin nan ne aiki ya buɗe, har muka fasa bango muka ƙara kekuna. Abin da na koya shi ne hoto yana iya kawo kwastoma har bakin ƙofa, amma ba ya zaunar da ita. Kuma matan da kuke gani sun zauna shiru suna murmushi, sun riga ku ganin abin da kuke ɓoyewa, jira kawai suke su ji me za ku ce. Shi ya sa tun daga ranar duk rigar da ta hau shafina hoto biyu ne, gaba da baya, kuma duk wadda ta kawo mini ɗinki ta baje mini gabansa, abin da take fara ji daga bakina shi ne juya.

To, a koma kan keke. Ke kuma mai almakashi, bi a hankali, kunnen Alhaji kike shirin cirewa, kuma mutumin nan shi ya riƙe mana shago.