Taɓarya da Gafiyar Rumbunmu

Ranar wata Juma'a da hantsi, bayan an gama kai amfanin gona gida, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Kawu Sale ya tsayar da babbar motarsa a bakin masallacin unguwarmu a Ruma, ya sauko da kwali a hammata. Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, direba, kuma bai taɓa zuwa hannu wofi ba, don haka kafin ya kai zaurenmu mu yara mun fi ƙudan mahauta yawa a bayansa. Duk zatonmu burodi ne. Ya ajiye kwalin ya buɗe, sai ga hanci ya leƙo. Kunnuwa suka biyo baya, fatar-fatar kamar ganyen kabewa. Sannan jiki ya fara fitowa, yana fitowa, yana fitowa, in ban yi ƙarya ba har na je randa na sha ruwa na dawo bai gama fitowa ba. Da wutsiya ta iso muka sunkuya neman ƙafafu, sai muka tarar da wasu 'yan guntaye huɗu da kaɗan suka ɗara babban yatsana. Kare ne, ja, mai ɗan gemu-gemu a haɓa. Kawu ya ce maigidansa na Kaduna ne zai tashi daga garin ya bar masa. Kakata, wadda muke kira Goggo, ta daɗe tana kallonsa sannan ta ce, "Wannan ai taɓarya ce aka yi wa ƙafafu." Sunan da ya bi shi ke nan har ya bar duniya.

Tun a ranar karen ya zaɓe ni. Ya shinshini kowa, ya yi wa limamin unguwa haushin da ya fi jikinsa sau goma, sannan ya zo ya kwanta a kan ƙafata kamar tare aka haife mu. Baba kuwa bai ga abin dariya ba. A gidanmu kowace dabba da aikinta: jaki na dako, shanu na huɗa, kaji na ƙwai, ko kyanwa ta san abin da ya ajiye ta. Ya kafa doka cewa karen ba ya shiga ɗaki, kaskon abincinsa daban, kuma duk na taɓa shi sai na wanke hannu kafin in kusanci buta. Sannan ya ɗora da maganar da ta hana ni sakat tsawon rani: "Kare a gidan nan sai mai aiki. Na ba shi zuwa saukar ruwan fari. In bai nuna amfaninsa ba, Tanko ya tafi da shi." Tanko maharbi ne na ƙauyen Babban Duhu, yana da karnuka uku masu girman maruƙa. Na san in Taɓarya ya shiga cikinsu, ko karin kumallo ba zai ishe su ba.

Muka zauna ni da Goggo muka yi shawara, muka yanke cewa ɗan kwikwiyo ne da yunwar birni ta tsumburar. Mu duk karen da muka sani dogon ƙafa ne, to wannan ma ai abinci ya rasa, in ya ƙoshi ƙafafun za su fito. Goggo, wadda ke kirana Angona, ta ɗauki abin kamar jinyar jariri. Ƙanzo da safe, tuwo da rana, kunu da la'asar, ga ƙashin miya, ga sauran fura. Ni kuma na yanko kara na ajiye bayan rumbu, duk Juma'a in auna ƙafarsa in yi zane da wuƙa. Juma'a takwas, zane na nan wuri ɗaya. Abin da ya ƙaru ciki ne. Ya yi ta sauka har ya kai ƙasa, in Taɓarya ya ratsa tsakar gida ba sai an yi shara ba. A makaranta kuwa na zama abin nuni. Ko langa muke yi a fili sai wani ya tsuguna yana jan ciki yana haushi, sauran su faɗi ƙasa don dariya. Na yi dambe a kan karen nan ya fi a ƙirga, an kayar da ni a mafi yawansu, amma gobe in aka sake sai in sake.

Ana cikin haka gafiya ta sauka a gidanmu. Ta haƙa rami ƙarƙashin rumbun da Baba ya ajiye irin gyaɗa, ta huda gindinsa, kullum gari ya waye sai a ga ɓawo a warwatse. Baba ya kafa tarko, ta cinye abin tarkon ta bar masa ƙarfensa. Aka tura hayaƙin barkono, mu muka yi ta tari har da hawaye, ita ko atishawa ba mu ji ba. Aka ɗura ruwa tulu shida, ramin ya shanye. Da abin ya ishi Baba ya aika wa Tanko, ya zo da zaratan karnukansa. Suka yi ta gurnani suna tona, amma iyakar abin da ke shiga ramin bakinsu ne. Ni ina gefe riƙe da Taɓarya, sai na ji jikinsa na rawa kamar injin niƙa. Ya fizge, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun manyan karnukan ba tare da ya sunkuya ba, ya afka ramin. Kai ya shige, ƙirji ya shige, da aka zo ciki sai tafiya ta tsaya. Rabinsa a lahira, rabinsa a duniya, wutsiya na ta kaɗawa. Tanko ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuma don kunya na kama ƙafafun baya na fizgo shi da ƙarfi, ya yi wata ƙara da har yau ina jin ta. Kwana uku yana tafiya a karkace, ba ya yarda a taɓa bayansa. Baba ya ce wa Tanko ya shirya igiya.

Ranar kasuwar Batsari na saka shi a kwando, na shimfiɗa masa tsumma, na ɗora a ka, na bi masu kora shanu har garin. Na ji ana cewa malamin dabbobi na zuwa yi wa shanu allura. Na jira har ya sallami Fulani, sannan na sauke kwandon gabansa na ce a taimaka mini da maganin tsawon ƙafa. Mutumin ya yi dariya har ya dafa turke. Ya buɗe bakin karen ya duba haƙora, ya ce, "Yaro, wannan ya kai shekara uku, ƙafa ta gama fitowa tuntuni. Haka Allah Ya yi shi." Ya ce ruwa biyu ne: gefe ɗaya irin wasu karnukan Jamus ne da ake kiwo musamman don shiga rami, gefe ɗaya kuma irin masu kamun ɓera. Sai da na girma na ji sunayensu, wai dakshun da teriya. Ya yi masa allurar haukan kare, ya matsa bayansa a hankali, ya ce Allah Ya taimake ni ban karya shi ba. Ya ce dogon bayan nan shi ne lagonsa: kada ya yi ƙiba, kada ya riƙa dirowa daga kan katanga ko amalanke, in zan ɗauke shi hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu. Abinci sau biyu, ɗan kaɗan, da ruwa mai tsabta, da tafiya kullum.

Na dawo gida na ajiye karan awon ƙafa, na ɗauko zare na koma awon ciki. Yaƙin farko da Goggo na yi shi. Ita a ganinta zalunci ne, sai in juya baya ta zaro ƙanzo daga bakin zane. Na kama ta ya fi sau ashirin. Takan ce, "Angona, ka ji tsoron Allah, dubi idonsa." Idon nan kuwa in ya kafe ka da shi, ko azumi kake sai ka ji kamar kai ka cinye masa abinci. Na daure. Da sassafe kafin makaranta mu je rijiya mu dawo, da yamma mu bi jaki zuwa gona ɗaukar kara. Taurin kai gare shi kamar tsohon jaki: in ya ji warin wani abu a gindin kalgo, ko sunan kakansa ka kira ba zai waiwayo ba sai ya tona. Duk Asabar in wanke shi da sabulun wanki, in bi kunnuwan nan in cire kaska ɗaya bayan ɗaya, in shanya masa buhun da yake kwanciya a kai, don ba ya son sanyi ko kaɗan. Zare ya yi ta raguwa. Gyaɗar Baba ma tana ta raguwa. Gabas kuma ta fara haɗa baƙi.

Wata Laraba bayan la'asar, iska na kaɗawa da ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri, na ce yau ko ni ko gafiya. Na toshe ɗaya bakin ramin da ke bayan danga da duwatsu, na kawo Taɓarya na sake shi. Ya shige sumul kamar zare a allura. Shiru. Baba ya fito daga zaure ya tsaya, Goggo na ta salati. Na kwanta na kara kunne a ƙasa, sai na ji ana rugugi a ciki kamar ana dambe a cikin tulu. Can sai ga wutsiya, sai ƙugu, yana ja da baya yana tirjewa, har ya fito da ita riƙe a wuya. In ka tambaye ni yau zan ce ta kai ɗan akuya. Gaskiyar magana ta kai kyanwa, kuma ta tsaga masa kunne ɗaya kafin ta sallama. Baba ya ɗauko dagi ya bi ramin, muka tarar da rumbun da ta gina wa kanta, gyaɗarmu a tare cikinsa har tiya uku. Ya shiga gida ya fito da ruwan gishiri, ya tsuguna yana nuna mini yadda zan wanke kunnen. Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, Tanko ya iso da igiyarsa. Baba ya ba shi fura ya sha, sannan ya ce, "Ka koma da igiyarka, Tanko. Ma'aikaci ne." Daga baya har aron Taɓarya ake zuwa yi daga Runka, ni kuma ina biye a matsayin wakili.

Shekara tara ya ƙara tare da mu. Yanzu ina zaune a Batsari, furfura ta cinye gemu, cikina kuma ya kama hanyar da nasa ya bi a zamanin Goggo, ba kuwa mai auna mini da zare. Gonar da muke zuwa ɗaukar kara ni da shi, yau sai an tambayi lafiyar hanya kafin a doshe ta, wani lokacin a haƙura. Rumbunan unguwarmu da yawa sun zube, abin da aka samu a buhu ake ɓoye shi cikin ɗaki. 'Ya'yana in na ba su labarin nan sai su ce Baba ya fara, su tambaya ko gafiyar ta kai saniya a bana. Ina yin dariya tare da su. Amma duk shekara in gabas ta haɗa baƙi, sai in ji kamar wani abu mai ɗumi ya kwanta a kan ƙafata.