Inna Larai da Kwalbar Irin Yakuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Maris, 1985, da hantsi, Allah ya karɓi ran Inna Larai, mahaifiyar Malam Surajo maƙwabcinmu a unguwar Glenwood, bayan jinyar kwana tara. Mamana ta ce in faɗi wani abu a gaban mata ranar addu'a, na kasa buɗe baki. Shi ya sa na rubuta.

Inna, shekara huɗu ke nan da kika zo garin Greensboro na Amurka don ki zauna da ɗanki yana karatu. Ina da shekara tara lokacin. Idan aka yi mini Hausa, da Turanci nake amsawa, don ina jin kunyar yadda take fita a bakina. Kika hango ni ta shingen waya, kika ce, "Ƙawata, bakin naki haya kika bayar? To, hannu dai yana aiki ko? Zo ki riƙe mini." Tun ranar nake bin ki bayan gida.

Kin zo da irin yakuwa na gonarku ta Ɗanbatta, kika zuba shi a kwalbar zuma. A shekarar farko, ruwa mai ɗumi ya sauka a tsakiyar Maris, ƙasa ta yi ƙamshi. Kika ce damina ta faɗi, kika shuka kamar yadda ake yi a gida. Yakuwa ta tsiro da kyau. Wata safiya muka fito muka tarar ciyawa ta yi fari da ƙanƙara, tsiron duk ya kwanta ya yi baƙi. Kika dube shi, sannan kika yi dariya kika ce, "Ruwan garin nan maƙaryaci ne." Allah ya sa rabin irin kika zuba.

Daga nan kika koyi garin. Ba kya jin Turanci, Misis Alston ta ƙetaren titi ba ta jin Hausa, amma da nuni ta gaya miki a jira har fararen furannin bishiyar ƙofarta su zube. Kafin nan akwai aiki. Mu share ganyen bara mu tara shi ya ruɓe. Mu juya jar ƙasar nan mai danƙo da shebur, wadda kike cewa ta fi dacewa da ginin tukunya. Mu datse busassun rassa, mu dasa albasa da latas tun da su ba sa tsoron sanyi, mu shuka irin barkono a kwalayen madara a bakin taga. Kurege ya dame ki ƙwarai. Kin sa masa suna Mai Unguwa, don kullum sai ya zo duba abin da aka binne. Sai da Anti Hafsatu, matar Malam, ta samo ragar waya muka huta.

Kowace kaka kina raba yakuwa gida gida, har garin McLeansville ake kai wa mai jego. Kuma kowace kaka sai kin tara sabon iri a kwalbar nan kafin ki bari a taɓa yakuwar ƙarshe.

Inna, ga abin da nake so ki sani. Washegarin addu'ar bakwai aka yi ruwa mai ɗumi, irin wancan. Malam Surajo ya fito da kwalbar da fartanya, abokansa biyu na tsaye tare da babana. Ya ce zai shuka duka a ranar, ya zama sadaka gare ki. Shi kullum yana jami'a, bai san abin da ya faru a shekarar farko ba. Bana kuma kwalbar ba ta kai rabi ba, kuma babu wani mai irin nan a garin. Na matsa kusa, na ce da Hausa, "Malam, don Allah a bari. Inna ta ce ruwan Maris ƙarya yake yi. Sai furen Misis Alston ya zube."

Kowa ya juyo. Babana ya ce, "Yau Ruƙayya ce da magana?" Malam Surajo ya dube ni, idonsa ya ciko, ya ce, "Muryar Inna ke nan sak." Ya miƙo mini kwalbar, ya ce in riƙe har lokacin ya yi.

Bayan kwana huɗu ƙanƙara ta kwanta, har gilashin mota sai da aka kankare. Irinki yana nan lafiya a kan tagar ɗakina. Barkonon ya yi ganye huɗu, albasa ta miƙe, na gyara ragar inda Mai Unguwa ya ɓula. Bishiyar ƙetaren titi ta fara toho. Ina duba ta kullum idan na sauko daga motar makaranta.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa duk ganyen da wani ya ci daga hannunki ya zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Surajo, da Anti Hafsatu, da 'yan'uwa na Ɗanbatta waɗanda ba su samu ganin ki ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya kai mu ranar shuka. Rabi zan zuba, kamar yadda kika yi.

Ruƙayya Bello