Ragowar Shayi

Shekara huɗu na yi ina kwashe kashin biri a Riyad. In aka tambaye ni a Maraɗi sai in ce aikin lambu nake, kuma ban yi ƙarya ba, akwai dabino a wurin.

Kafil ɗina, Balaraben da takarduna suke hannunsa, yana da gidan shaƙatawa a bayan gari, can gaba da unguwar Suwaidi. Akwai barewa, ɗawisu, jimina biyu masu baƙin hali, sai goggon biri guda a keji mai na'urar sanyi. Ni ɗan Adam kuwa da fanka nake kwana a unguwar Manfuha, mu shida a ɗaki. Shi birin, an ce daga kurmi aka kamo shi yana goye a bayan uwarsa. Ban tambayi yadda aka yi da uwar ba.

Likitan dabbobin gidan ɗan Sudan ne, mai furfura, ya taɓa aiki a dajin da irinsu suke. Ranar da na fara aiki ya miƙo mini takunkumi ya ce, "Murar da za ta sa ka atishawa kwana uku, shi kashe shi za ta yi. Na ga aikinta a daji. In kana tari kada ka kusanci kejin. Kada ka ba shi abin da bakinka ya taɓa."

Na ce to. A raina na ce ji mutum! Yaushe mura ta zama ciwo? A garinmu mai mura gona yake tafiya, ya fyace ya ci gaba da noma.

Duk safiya in na gama wanke kejin nakan zauna kan bulo in sha shayi a wani kofin silba da na zo da shi daga gida. Shi kuma sai ya matso, ya dafe haɓa, ya zuba mini ido. A gidanmu ba a cin abu ido na kallo, ko baƙon da ba ka sani ba sai ka ce masa bismilla. Kwana biyu ina juya masa baya, shayin ya ƙi wucewa. Rana ta uku na ce, "Kai dai ka cika maita. Ungo!" Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya dawo mini da kofin. Wallahi akwai mutanen da na ba shayi ba su dawo da kofi ba. Daga ranar nakan rage masa kashi ɗaya cikin uku, kuma ba wanda ya sani.

Da sanyi ya shigo a shekara ta huɗu, mura ta shiga ɗakinmu ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Na sha citta da kanumfari na tafi aiki. Takunkumin ma na sa, Allah ya gani na sa. Sai dai ba a shan shayi da takunkumi.

Bayan kwana biyar birin ya fara tari, irin tarin tsoho. Ya bar ayaba, ya kwanta a kusurwa yana numfashi da baki. Likita ya zo ya ce ciwon ya sauka huhu. Ya tara mu ya tambaya, "Wa ke mura a cikinku?" Tari ya taso mini, na haɗiye shi har idona ya kawo ruwa. Na ce lafiyata ƙalau.

Likita ba ya son harba masa allurar barci, ya ce huhun ba zai ɗauka ba. Sai ya dama magani a ruwan lemo ya miƙa a roba. Biri ya kau da kai. Ya gwada da cokali, ya gwada a cikin dabino, a banza. Tun hantsi har azahar muna abu ɗaya. Na san abin da zai karɓa, na kuma san abin da hakan zai tona. Na je na ɗauko kofina.

Yana ganinsa ya rarrafo, ya karɓa da hannu biyu. Ya shanye, ya miƙo mini.

Likita ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, tun yaushe yake sha a nan?"

Na ce, "Shekara uku da wani abu."

Na so ya zage ni, ko ya kai ƙarata wurin kafil a mayar da ni gida. Bai yi ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Sau uku a rana za ka riƙa ba shi. Ka wanke kofin da ruwan zafi."

Na yi hakan kwana huɗu. Rana ta biyar da la'asar ya karɓi kofin bai sha ba, ya riƙe shi a cinya. A haka ya tafi. Sai da likita ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin kofin ya fita.

Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na wanke kejin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ba jimina abinci, na hau motar Manfuha. Mutanen ɗakinmu suka yi ta tsokana, wai in zauna a zo mini ta'aziyyar ƙanena. Na ce musu Allah ya ba da lada.

Washegari na zauna kan bulon nan na haɗa shayi. Ina cikin sha na ji hannuna ya tsaya. Na duba, saura kashi ɗaya cikin uku.